Kwana Goma Sha Uku Dogo Bai Ci Ba

Ran da muka kai Dogo asibiti a Yelwa, kwana uku ke nan duk abin da ya sa a baki sai ya dawo. Tuwo ya dawo, kunu ya dawo, har ruwan randa bai zauna ba. Aman kuwa kore shar, kamar an kaɗa kuka a ruwa. Mai kemis ɗin tungarmu ya ce olsa ce, ya ba shi wani farin magani na kwalba, ya sha, shi ma ya biyo 'yan'uwansa waje.

Dogo jikana ne, ɗan fari ga ɗiyata Rahamatu. Ni Hansatu ni na yaye shi, a ɗakina ya girma. Yanzu shekararsa talatin da biyu, yana da jirginsa mai inji, yana ɗauko mutane da buhunan albasa daga tsallake zuwa kasuwar Yelwa, amma har gobe mijina nake ce masa, shi kuma ya ce mini tsohuwa mai baki. Matarsa tana Shanga wajen iyayenta tana wankan jego, shi ya sa jinya ta faɗo a kaina. Ban yi baƙin ciki ba. Na daɗe ina jin labarin abin da ke faruwa a barandar asibitin nan daga bakin wasu, ga shi Allah ya kawo ni da ƙafata.

Likitan da ya duba shi wani siriri ne mai tabarau, Likita Hamza. Ya danna nan, ya danna can, da ya zo kan ƙahon zuci sai Dogo ya yi ƙara ya cafke masa hannu.

"Wani abu ya buge ka a nan?" in ji likita.

"Babu."

"Ba ka faɗi a kan mashin ba? Saniya ba ta tunkuye ka ba?"

"Likita, ni mutumin ruwa ne. Mi ya haɗa ni da saniya?"

Ni dai ina zaune a benci, bakina yana ƙaiƙayi. Domin ranar Laraba na je ɗebo garwashi wajen masu bandar kifi, na iske matar Mamuda tana magana ƙasa-ƙasa. Mamuda shi ne abokin aikin Dogo, mai zama a goshin jirgi. Ta ce ranar Litinin jirginsu ya hau kututture, irin itatuwan nan da ruwan dam ya cinye tun muna 'yan mata. Hannun inji ya zabura ya daki Dogo a ciki, ya kwanta cikin jirgi yana haki kamar tarwaɗa a tudu. Da ya samu numfashi sai ya sa Mamuda ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don matuƙin da bai san inda kututture yake ba abin dariya ne a bakin ruwa. Mamuda kuwa ya cika alkawari, matarsa kaɗai ya faɗa wa. Ita ma mu biyar kaɗai ta faɗa wa.

Na yi gyaran murya. "Likita, tambaye shi hannun inji."

Dogo ya zaro mini ido. "Tsohuwa, wa ya sa da ke?"

"Wa ya sa da ni? Ni da na wanke maka zawo har ka yi haƙori?"

Likita ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ni. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da inda ban tabbatar ba. Ya ɗaga rigar Dogo ya haska fitila. Babu rauni, babu jini, sai wani ɗan tabo kamar an ɗiga shuni.

"Iya, kin yi aiki," ya ce. "Da ba ki yi magana ba, da mu ma olsar za mu yi ta bi."

Shekarata saba'in ana ce mini in rage surutu. Ranar ce farkon da wani mai ilimi ya gode mini a kansa.

Daga nan suka zura masa roba ta hanci har cikin tumbi, koren ruwan nan ya dinga gangarowa cikin wata leda da suka rataya a gefen gado. Suka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki suka yi sikanin. Suka zuba wani farin ruwa ta cikin robar suka ɗauki hoto. Da yamma likita ya zo ya zauna a bakin gado, ya juya bayan kati ya yi mana zane. Ya zana tumbi kamar gora, sannan farkon hanji ya fito daga gindinsa ya lanƙwasa kamar lauje. Wurin yana da sunansa na Turanci, ban riƙe ba.

"Wannan laujen kwance yake a kan ƙashin baya," ya ce. "Idan abu ya daki ciki da ƙarfi, sai ya matse shi da ƙashin, kamar yatsa a ƙofa. Na wani fashewa yake yi, wannan sai wuƙa nan take. Naka mun duba bai fashe ba. Jini ne ya taru a cikin bangon hanjin, a hankali ya kumbura ya toshe hanya. Shi ya sa sai bayan kwana biyu ka fara amai."

"To a ba ni maganin da zai narkar da shi," in ji Dogo.

"Jikinka ne zai narkar da shi, in an bar shi ya huta. Ba abin da zai bi ta bakinka. Ba abinci, ba kunu, ko ruwa. Ta jijiya za mu ciyar da kai. Zan ba ka mako biyu. In hanya ta buɗe, ka tafi gida cikinka a rufe. In ba ta buɗe ba, ko zazzaɓi ya shigo, ko cikin ya yi tauri, sai Birnin Kebbi a yi maka aiki."

Dogon da ke faɗawa ruwa ya rungumo giwan ruwa da hannu, allura ma sai mutum biyu sun danne shi. Da ya ji an ambaci aiki sai ya yi lakwas, ya ce ko wata biyu ne zai yi.

Shugabar nas-nas ta ɗakin maza wata ƙatuwar mace ce, Sista Rachel, mutuniyar Ngaski. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Iya, na ga idonki ba ya barin komai ya wuce. Ke ce mai gadi. Ko goro aka kawo, a hannunki zai tsaya."

Ban san girman aikin da na karɓa ba sai washegari, da 'yan dubiya suka fara sauka.

Kun dai san halinmu. Ba a zuwa dubiya hannu biyu, kuma duk abin da ke damun mutum, mu a wurinmu rashin ci ne. Matan tunga suka zo da farfesun ragon ruwa. Dangin ubansa suka taso daga Wara da kuloli uku na tuwon shinkafa. Surukansa na Shanga suka aiko da fura da nono a ƙwarya, an rufe da sabon faifai. Matuƙa jirgi kuwa kowa ya zo da ayaba da lemu a leda, kamar sun haɗa baki. Na ja tabarmata na tare ƙofa.

"A aje nan. Likita ya hana."

"Hana mi? Farfesu ne fa, ba barkono ko ɗaya."

"Ko hayaƙinsa."

"Wanga wane irin asibiti ne da ake warkar da mutum da yunwa?"

Haka na yi ta fama. Ga shi abin dubiya ba a mayar wa mai shi, cin fuska ne. Ba a kuma zubarwa, zunubi ne. Dole wani ya sadaukar da kansa, na sadaukar. Abin da ya fi ƙarfina nakan miƙa wa maƙwabcin gadon Dogo, wani dattijon Bafulatani da ake kira Bappa, wanda wani bijimin sa ya karya masa cinya, aka rataye ƙafarsa da jakar yashi. Cikin kwana huɗu kumatun Bappa suka fito, ni kuma na sassauta ɗaurin zane.

Dogo yana kwance yana kallonmu, roba a hanci, roba a hannu.

"Tsohuwa, Allah ya isa. Kan kifina ne kike tsotsa."

"Haba mijina, ai a madadinka nake ci. Ka ji daɗinsa a ranka."

"Bappa, kai ma? Da furfurarka?"

"Ni umarni nake bi, ɗana," in ji Bappa, yana lashe yatsa.

Daga baya Sista Rachel ta ce ƙamshin yana azabtar da majiyyaci, ta mayar da cin abincina baranda. Aka kawo wa Dogo wani ƙarin ruwa fari kamar madara daga Birnin Kebbi, na ce masa ga furarsa nan tana shiga ta hannu, ya yi mini tsaki.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mini gardama a ƙofa ba, ita ce uwarsa. Rahamatu irin matan zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko laƙabin Dogon ma ba ta faɗa. In ta matsu sai ta ce "mai jirgi." Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon fuskarsa. Shi kuma Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Amma shekara talatin, duk abin da ta dafa, kwanonsa ne farkon fita daga gidanta zuwa nawa. Kullum da hantsi kabu-kabu zai sauke ta a ƙofar asibiti, ta zauna can gindin mangwaro, in na fito ta ce, "Inna, ƙaƙa mai jiki?" In ce da sauƙi. Ta miƙo kula, in karɓa, ta kalli kular tana tafiya ba wajen mai ita ba.

Rana ta takwas na tafi sallar azahar a ɗan masallacin mata da ke bayan ɗakin haihuwa. Gaskiya na ɗan daɗe, don an kawo wata mata daga Wara da 'yan uku, kuma dangin mijin da na matar suna jayayya kan wa 'ya'yan suka yi kama da shi. Ba zan wuce in bar wannan ba. Ina dawowa na iske ɗakin maza a hargitse. Dogo ya dafe gado yana tari kamar ransa zai fita, robar hancinsa ta fito rabi, zanen gado ya ɓaci. Abin da ke kan zanen kuwa ba kore ba ne. Fari ne, da ƙwayoyin shinkafa. Kunun gyaɗa.

Suka gyara shi, suka sake zura sabuwar roba yana ihu. Kafin la'asar jikinsa ya ɗauki zafi. Likita Hamza ya zo, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ban taɓa ganin ransa a ɓace ba sai ranar.

"Zazzaɓin nan ɗayan biyu ne," ya ce. "Ko kunun ya faɗa masa huhu lokacin da yake amai, ko hanjin ya fashe. In huhu ne, allurai za su yi. In hanji ne, kowace awa da muka jira hatsari ce. Zan sake hoto yanzu, zan dinga taɓa cikin. In ya yi tauri, ko zafin bai sauka ba nan da kwana biyu, mota za ta ɗauke shi. Wa ya ba shi?"

Dogo ya juya fuska bango.

"Zan zagaya ɗakin yara in dawo. Ina son amsa."

Zuciyata ta fara tafiya kan Mamuda, don tun safe na ga yana shawagi da babbar riga, kuma babbar riga a jikin Mamuda ba alamar alheri ba ce. Na matsa kusa da Bappa, mutumin da ƙafarsa ke rataye, ba inda yake zuwa, ba abin da ke wuce shi.

"Bappa, duk furar da na ba ka, yau ranar sakayya ce. Wa ya shigo?"

"Ni barci nake, Goggo."

"Barcin ƙarya."

Ya ja gemunsa, ya kalli silin. "Abu ɗaya dai ke ba ni mamaki. Yaron nan kwana takwas da dutse yake taimama. Ban san mi mai taimama zai yi da buta ba."

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Ga wata shuɗiyar buta a lungu, kiyashi sun yi layi tun daga bango har bakinta. Na jawo ta, da ɗuminta. Na buɗe murfi na shinshina. Tsamiya da citta, ba lemun tsami ba. Duk tungarmu mutum biyu ke dama kunun gyaɗa haka, ni da wadda na koya wa.

Na ɓoye butar cikin mayafi na fita. Tana nan gindin mangwaro, ta haɗa kai da gwiwa. Na zauna kusa da ita na ajiye butar a tsakaninmu.

"Ta wa ce wagga?"

Ta ƙara cusa kai cikin gwiwa.

"Rahamatu, da ke nake."

"Inna, kwana takwas," ta ce, ba ta ɗago ba. "Jiya na leƙa ta taga na ga ƙashin wuyansa. Ke kina zaginsa yana dariya, kina taɓa goshinsa. Ni ko sannu ba ni iya ce masa. Abu ɗaya na sani ina yi masa tun yana yaro, shi ma an ce kar in yi. Na ce ɗan kunu mai ruwa-ruwa mi zai yi? Na aje na fito, ko kallonsa ban yi ba."

Na so in yi mata faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Sai na tsinci kara na zana mata gorar likita da laujensa a ƙasa. Na nuna mata inda hanya ta toshe, na ce abin da duk aka zuba ba shi da wurin zuwa sai sama, daga sama kuma ya faɗa huhu. Na gaya mata maganar mota da Birnin Kebbi. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ni kuma ina zaune ina lissafin hanyar da labarin zai bi, don ba wanda ya fi ni sanin hanyar. Daga barandar nan zai sauka kasuwar kifi kafin magariba, gobe ya hau jirgi, jibi ana faɗarsa a Wara da Shanga: uwa ta kusa kashe ɗanta na fari da kunu a buta. Rahamatu ba za ta sake fita ko suna ba. Amma in aka ce tsohuwa ce ta yi, dariya za a yi kwana biyu a ce ruɗewa ce.

Na tashi na karkaɗe zane. Na iske likita ya dawo, Sista Rachel tana tsaye a bayansa.

"Ni ce," na ce, na ɗora butar a kan gado. "Ya yi ta yi mini magiya, tausayi ya kama ni."

Dogo ya juyo da sauri ya buɗe baki, na murtuke masa fuska, ya rufe.

Sista Rachel ta ƙanƙance ido. "Ke, Iya? Ke da kika ƙwace ɓawon lemu a hannun wani jiya?"

"Tsufa ne, ɗiyata. Wata rana za ki gani."

Ta kalli butar, ta kalli taga wajen mangwaro, ta sake kallona.

Likita kuwa ya yi mini wankin babban bargo a gaban maza goma sha biyu. Ya ce ni na ceci yaron da bakina, ni kuma na so in kashe shi da hannuna. Ya ce daga yau iyakata baranda. Na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Maganar nan wata bakwai na riƙe ta a cikina ban faɗa wa kowa ba, duk wanda ya san ni ya san na yi jihadi.

"To wa zai zauna da shi?" in ji likita. "Ina son mutum ɗaya da ba zai gusa ba."

"Ga uwarsa can gindin mangwaro."

Da na je na faɗa mata sai ta zabura. "Inna, ɗan fari ne fa! Mi mutane za su ce?"

"Za su ce likita ne ya tilasta, ba yadda kika iya. Ni zan tabbatar haka sunka ce. Tashi."

Haka Rahamatu ta shiga ɗakin maza, mayafi har hanci, ta zauna a kujerar gefen gado ta ba shi rabin baya. Ni kuma na shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin taga, inda ba abin da zai wuce ni. Hoton da aka sake bai nuna fashewa ba, amma likita ya ce bai yarda da hoto kaɗai ba, sai ya ga abin da zafin zai yi. Suka fara yi masa allurai ta jijiya. Sista Rachel ta koya wa Rahamatu yadda za ta tsoma auduga a ruwa ta matse ta shafa masa a leɓe, da yadda za ta duba ledar koren ruwa ta ga inda ya kai. Farkon shafawar, fuskarta tana kallon Bappa, har ta shafa wa Dogo a hanci.

Magana kuwa ta bakin Bappa take bi.

"Bappa, a gaya wa mai gadon nan ya juya, ya daɗe a gefe ɗaya."

"Ɗana, an ce ka juya."

"Bappa, ka ce wa Yaya na gode."

"Ya ce ya gode."

"Na ji."

Bappa ya ce shi dai tun da yake bai taɓa yin tafinta tsakanin Hausa da Hausa ba sai a asibitin nan.

Kwana biyun nan ban ji daɗin abinci ba, ko da yake ban daina ci ba. Kowa ya zo dubiya sai ya fara tsayawa a kaina ya yi mini faɗa. Mamuda ma, wanda ya kasa ganin kututture da rana tsaka, ya tsaya yana girgiza kai yana cewa, "Haba Goggo Hansatu, da girmanki." Na ce Allah ya ba shi haƙuri, ya aje farfesun a nan. Bayan kowace awa biyu likita ko Sista su zo su danna cikin Dogo, su sa masa abin gwada zafi a hamata. Motar asibiti tana tsaye a inuwa, duk sanda direban ya taso ya nufe ta sai gabana ya faɗi, ashe rediyo yake zuwa kunnawa.

Da hantsin rana ta goma na ji muryar Rahamatu ta taga. "Bappa, a kira Sista. Rigar mai gadon nan ta jiƙe sharkaf."

Zufa ce. Zafin ya sauka. Likita ya zo ya danna cikin, laushi kamar ƙullun waina. Ya sa abin sauraro a bayan Dogo ya daɗe, sannan ya ce huhu ne, kuma yana washewa. Direba ya ja motarsa ya tafi kai wata takarda.

Saura maganar hanya, kwana huɗu suka rage cikin mako biyun. Ni da nake ganin na iya gadi, ashe wasa nake. Rahamatu ko buta ta gani a hannun mai jinyar wani gadon sai ta karɓa ta shinshina. Mamuda ya shigo yana ta sannu-sannu, ta ce, "Bappa, a ce wa baƙon nan ya cire hula." Ya cire, dabino uku suka faɗo. Ta tsince su ta miƙo mini ta taga.

"Tsohuwa!" Dogo ya ƙwala mini kira. "Ki dawo don Allah. Ke aƙalla kina barin mutum ya ji ƙamshi."

"Ka sake ni, mijina, ka yi sabuwar mai gadi. Ka zauna da abinka."

Rana ta goma sha ɗaya koren ruwan leda ya ragu da rabi. Ta goma sha biyu ɗan kaɗan ne a gindi, kuma ya yi haske. Likita ya sa aka ɗaure bakin robar tun safe har yamma a ga ko zai yi amai. Rahamatu ta riƙe kwano a cinya tana jira, ba a yi amfani da shi ba.

Ranar goma sha uku suka tura shi ɗakin hoto, suka sake zuba farin ruwan nan. Na bi su har ƙofa, don baranda aka ce, kuma barandar ta kai har can. Likita Hamza ya fito da hoton ya ɗaga shi a hasken rana, ya yafito ni da hannu, ya manta yana fushi da ni.

"Iya, kin ga nan? Wancan karon a nan farin ya tsaya. Yanzu dubi."

Wani siririn farin zare ya bi ta laujen ya wuce ƙasa. Ko kaurin tsinken tsintsiya ɗaya bai kai ba, amma ya wuce.

"Ba wuƙa ke nan?"

"Ba wuƙa. Amma a hankali. Yau ruwa cokali uku kowace awa. In ya zauna, gobe a cire roba a ƙara. Kunu sai jibi, shi ma tsararo."

Aka mayar da Dogo gadonsa. Sista Rachel da kanta ta kawo kofi da ƙaramin cokali, ta wuce ni a taga, ta danƙa su a hannun Rahamatu. Duk ɗakin aka yi tsit, har mai tarin gadon ƙarshe ya dakata.

"Bappa, a ce ya buɗe baki."

"Ya buɗe tun ɗazu, ɗiyata."

Dole ta juyo, don ba a ba mutum ruwa a cokali ana kallon bango. Na farko ya riƙe shi a baki ya lumshe ido kafin ya haɗiye. Na biyu. Na uku. Muka jira. Bai dawo ba.

Dogo ya sake wangame baki kamar ɗan tsuntsu. "Yaya, ɗaya dai. Rabin cokali."

"Uku anka ce," ta faɗa masa, ido cikin ido. "Rufe bakinka."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Bappa ya ɗaga hannu sama ya ce alhamdu lillahi an sallame shi daga aiki. Ni kuwa na cusa kai ta taga na rangaɗa guɗa, har Sista Rachel ta daka mini tsawa ta ce nan asibiti ne, ba gidan biki ba.

Rahamatu ta goge cokalin da gefen zanenta, ta kife kofin, ta juya kujerarta ta fuskanci agogon bango.